Hazo ya rufe rana amma pano na ba da wuta, lissafina ya ƙi fita: ya ake warware ekwasiyon ɗin tafiyar haske?

Ɗan_Karkada

Salamu alaikum 'yan uwa, ya sanyi ya ƙura. Don Allah masu fizik da masu lissafi ku agaza min, abin nan ya kai ni bango yau kwana tara kenan ban yi barcin kirki ba. Ina mastar 2, memwar ɗina a kan yadda hazon hunturu ke rage wutar da pano ɗin sola ke bayarwa a nan Damagaram ne. Abin da na yi, na sauko da alkaluman kaurin hazo na tashar AERONET (masu auna ƙura da hayaƙin da ke sararin sama) da ke filin jirgi, wanda muke rubutawa da τ, sannan na ɗora wata 'yar na'urar auna haske da aka ara min a saman gidanmu, kullum rana tsaka in hau in rubuta abin da ta nuna.

To akwai wata rana cikin Janairu da hazo ya sauko ba wasa, irin wanda ko duwatsun Birni ba ka hangowa daga nesa, rana ta koma kamar farin faranti kana kallonta kai tsaye ba ta kashe maka ido. Ranar τ ya kusa 2. A Janairu rana tsaka tana karkace wajen digiri 35 daga tsakar ka tunda muna kan digiri 13.8 arewa, kosinus ɗinsa 0.82 kenan, sai na saka a dokar Beer-Lambert yadda aka koya mana, exp(-2/0.82), ya ba ni 0.087, wato kashi 9 cikin 100 kacal ya kamata ya iso ƙasa. Amma na'urar ta nuna min kusan biyu bisa uku na abin da take bayarwa ranar da gari ya washe, kuma wlh ba ƙarya take ba don firigon gidanmu da ke kan sola bai tsaya ba ranar, har ƙanƙara ya yi.

Malamin da ke bin aikin ya duba takardar ya ce min kawai in je in warware ekwasiyon ɗin tafiyar haske cikakke, washegari ya yi tafiya, sai bayan sati uku zai dawo. Na buɗe ekwasiyon ɗin na ga I, wato ƙarfin hasken, a hagu, I a dama, ga wani I ɗin kuma a cikin antegral, to ta ina mutum zai kama? Akwai hanyar yi da biro da takarda ko dole sai ordinater? Tawa tsohuwa ce, batirinta ya mutu, in an ɗauke kuran ita ma ta tafi. Na gode.

Tsohon_Malamin_Lise

Wa alaikumus salam ɗana. Lissafinka bai ɓaci ba, 0.087 ɗin nan daidai ne, amsar wata tambaya ce dabam ba wadda ka yi ba.

Ka taɓa ratsa Kasuwar Dole ranar Alhamis ai. A ce mutum ɗari sun shiga ta baki ɗaya suna so su fita ta ɗaya bakin. Nawa ne za su fita ba wanda ya goge su ko kafaɗa? 'Yan kaɗan. To waɗannan kaɗai Beer-Lambert ke ƙirgawa, su ne mutum taranka. Sauran fa ba mutuwa suka yi ba, an bangaje su sun ɗan kauce sun ci gaba da tafiya, wasu sun zauna wajen mai shayi ba su fito ba, wasu cunkoso ya juya su sun koma ta inda suka shigo. Na'urarka da pano ɗinka ba ruwansu da wa aka bangaje, duk wanda ya fito ta bakin ƙasa ƙirga shi suke. Da na'urar da ke leƙen rana ta cikin bututu ce gare ka, irin ta tashar filin jirgin, da ka ga abin da ya kusa kashi 9 ɗinka.

Yanzu ekwasiyon ɗin. Ka daina jin tsoronsa, littafin mai shago ne, shiga da fita. Ka ɗauki haske mai tafiya ta fuska ɗaya, ka bi shi ɗan taki. Yana asara ta hanya biyu, ƙura ta shanye wani, ta watsar da wani zuwa wata fuskar. Yana kuma samun riba, domin hasken da ke tafiya ta sauran fuskoki duka shi ma ana watsa shi, wani kaso ya faɗo cikin fuskar da kake bi. Ribar nan ita ce antegral ɗin da ya ba ka tsoro. In ka share ta ka koma Beer-Lambert. In ka bar ta, ba za ka san hasken fuska ɗaya ba sai ka san na dukkan sauran, su ma ba za ka san su ba sai ka san wannan, shi ya sa I ya fito ta ko'ina. Akwai riba ta biyu, hasken da iskar kanta ke fitarwa saboda zafinta, amma wannan sai a infraruj mai nisa, kai da sola ba ruwanka da shi.

Lamba uku ne ke riƙe da zancen. τ ka riga ka sani. Sai ω, cikin hasken da ya ci karo da ƙwayar ƙura kashi nawa aka watsa ba a shanye ba, ƙurar Sahara tana wajen 0.9 a shuɗin haske, ta haura 0.95 a ja, tsatsar ƙarfen da ke cikinta ce ke shan shuɗin, shi ya sa take ja-ja. Ta Bodele can Cadi, wadda iskar arewa maso gabas ke kwaso mana, ta fi fari don ɓawon ƙananan halittun tsohon tafki ne da ya ƙafe, ba ta cika shan haske ba. Na uku g, ina hasken ya fi nufa bayan karo. In g sifili ne ko'ina ɗaya ne, in 1 ne ya wuce gaba sak kamar ba a taɓa shi ba. Na ƙura wajen 0.7 ne ko sama kaɗan, domin ƙwayoyin sun fi tsawon zangon haske girma, ba kamar ƙwayoyin iska ba da Rayleigh ya yi bayani a 1871, masu watsawa gaba da baya daidai kuma su fi kama shuɗi. Ka lura ai sama ba ta shuɗi cikin hazo, fari-fari take yi, ƙura ba ta zaɓar launi sosai. To ga ω kusan 1, ga g 0.7, ma'ana an bangaje hasken amma bai mutu ba kuma yawancinsa ƙasa ya ci gaba da nufa. Ga firigonku.

Maganar biro da takarda kuwa, an yi. Arthur Schuster a 1905 ya ce mu manta da fuskoki dubu, mu ce haske kogi biyu ne, mai sauka da mai hawa, antegral ya narke ya bar ekwasiyon biyu da ɗan shekara ta biyu a jami'a zai iya warwarewa. Chandrasekhar, ɗan Indiyan nan na Shikago da ya ci Nobel a 1983, ya faɗaɗa shi zuwa koguna da yawa, littafinsa na 1950 har gobe shi ne uban tafiya, kuma da hannu aka yi yawancin teburansa. Amma amsa cikakkiya a rufe sai a yanayi 'yan kaɗan, kamar sararin da ba shi da ƙasa. Naka mai sama da ƙasa ne, ga yashi yana mayar da haske, don haka ka fara da kogi biyu ka gane abin, sannan ka ba ordinater. Ni alli na sani, yaran nan za su gaya maka sauran.

Mai_Sola_Sabon_Gari

Hhhh masu boko kun fara. Ni dai ban san omega ba amma shekara goma sha ɗaya ina hawa rufin mutane, bari in tambaye ka ɗalibi, yaushe rabon da a wanke pano ɗin naku? Don wlh a hunturu rabin kiran da ake min na cewa batir ba ya cika, in na hau sai in tarar da ƙura ta kwanta kan gilashi har kana iya rubuta sunanka da yatsa, in sa yaro ya kawo ruwa da tsumma mai laushi, kafin in sauko daga tsani allura ta tashi, mai gida yana ta godiya kamar na yi wani abin kirki. Wannan hazon na kan gilashi ya fi na sama ɓarna a wajena, kuma shi bai cikin alkaluman filin jirginku. In za ka auna ka wanke na'urarka kullum da safe tun kafin rana ta yi zafi, ko ka ajiye pano biyu gefe da gefe ɗaya ana wankewa ɗaya a bar shi, in ba haka ba za ka ɗora wa sama laifin ƙazantar gida.

Wani abu kuma da na lura, pano yana son sanyi. A takardar da ke manne bayansa za ka ga kowane digiri ɗaya na zafi sama da 25 yana rage kusan kashi 0.4 cikin 100. Watan Afrilu gilashin yana zafi har ba ka iya ɗora hannu, a Janairu kuwa ga iska ga sanyi, to wani abin da hazo ya ci sanyi yana mayar maka da shi. Ka sa wannan a lissafin malam. Kuma ranar hazo ba inuwa, ka duba ƙasan ƙafarka, duk da haka gari da haske, ni nan na gane ba daga rana kaɗai wutar ke zuwa ba, daga duk sararin take zubowa.

'Yar_Birni

Ƙanena sannu da fama, na sha irin wannan lokacin nawa memwar ɗin. Malam ya gama bayani, Allah ya ƙara lafiya Baba, misalin kasuwar nan zan sace shi. Ni shawarata ka ɗauki misalin nasa ka mayar da shi program kai tsaye, shi ake kira Monte Carlo, Ulam da von Neumann suka fito da shi a Los Alamos cikin shekarun 1940 don bin sawun nutron, kuma ekwasiyon ɗin nutron da na haske uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ba ka warware komai, foton, wato ƙwayar haske, kake saki ɗaya bayan ɗaya kana jefa masa ƙuri'a.

Ga yadda yake. Foton ya shigo daga sama da μ = 0.82, wato kosinus ɗin karkatarsa daga tsakar ka, nauyinsa 1. Ka ciro lamba ta ka-cici-ka-cici tsakanin 0 da 1, mu ce r, nisan da zai yi kafin karo shi ne -ln(r) a ma'aunin τ, ka ninka da μ ka san zurfin da ya sauka. In ya wuce τ = 2 ya iso ƙasa, ka zuba nauyinsa a asusun ƙasa, in karonsa bai kai ko ɗaya ba ka sa shi a asusun kai tsaye, wannan asusun dole ya fito 0.087, gwajinka na farko kenan. In bai iso ba ya yi karo, ka ninka nauyin da ω maimakon ka kashe shi, ka ciro sabuwar kusurwa θ. Ga kusurwar kowa Henyey-Greenstein yake amfani da shi, wasu masana taurari biyu ne suka ƙirƙiro shi a 1941 don ƙurar da ke tsakanin taurari, daɗinsa ana juya shi da hannu:

cosθ = [1 + g² - ((1 - g²)/(1 - g + 2gr))²] / (2g)

sai kusurwar zagaye φ = 2π sau wata sabuwar r. Ka maimaita har ya fita ta sama ko ta ƙasa. In nauyin ya yi ƙanƙanta sosai kar ka yar da shi haka nan, ka jefa ƙuri'a, sau ɗaya cikin goma ya rayu ka ninka nauyinsa goma, sauran tara ya mutu, a haka ba ka ɓatar da makamashi ba. Ƙasa kuma kar ka mayar da ita baƙa, yashinmu yana mayar da wajen kashi 30 sama, hazon ya sake turo wani kaso ƙasa, wannan kai-komon kaɗai yana ƙara maka abin da ya kusa kashi goma na abin da ya sauka.

Layi hamsin ne a Python. Kuskuren yana raguwa kamar 1/√N, foton 10,000 kuskure wajen kashi 1, in kana son ka rage shi sau goma sai ka saki miliyan, nan ne tsadarsa. Amma a τ = 2 foton karo 'yan kaɗan yake yi ya fita, in ka yi da numpy ka tura su gaba ɗaya a jere ba da madauki ba ko tsohuwar taka za ta gama miliyan kafin shayi ya tafasa. Ka riƙa ajiye sakamako a fishiye bayan kowane dubu ɗari saboda kuran.

Dalilin da na fi son shi gare ka, pano ɗinka ba a kwance yake ba, yana jingine wajen digiri 15 yana kallon kudu, to kana buƙatar sanin ta wace fuska kowane foton ya sauko, ba jimilla kawai ba. Cikin hazo hasken da aka watsa ya fi taruwa kewaye da rana, in ka ɗauka ya bazu daidai a duk sama za ka yi wa pano ɗin rowa.

Ɗan abin sha'awa, ka kunna tocilan portabul ka danne da yatsa cikin duhu, yatsan ya yi ja gaba ɗaya ba ka ganin ƙashi. Ekwasiyon ɗinka ne wannan ma, masu binciken haske cikin fata suna da program ɗinsu MCML tun shekarun 1990, tsarin da na zayyana maka ne. Su suna iya gajarta shi su ce haske na bazuwa ne kamar zafi cikin ƙarfe don karon ya yi yawa. Kar ka ga wannan gajeriyar hanya a wani littafi ka ɗauko, a τ = 2 ba ta aiki, hasken bai manta inda ya fito ba tukuna.

Injiniya_Meteyo

Ban yarda da 'Yar_Birni gaba ɗaya ba, ki yi haƙuri Hajiya. Don koyo na yarda, amma yaron nan sutnas ke gabansa, kuma ba rana ɗaya zai lissafa ba, hunturu guda ne awa-awa, kuma ba launi ɗaya ba, silisiyom yana amsa haske tun daga wajen nanomita 350 har 1100, ga tururin ruwa ga ozon kowa da inda yake sha. In juri suka tambaye shi da me ka gwada program ɗinka me zai ce? Sararin da ke shimfiɗe hawa-hawa matsala ce da aka gama da ita tuntuni. DISORT yana nan tun 1988, aikin Stamnes da Tsay da Wiscombe da Jayaweera, hanyar Chandrasekhar ce aka zuba a Fortran, a maye antegral da jimillar fuskoki 16 ko 32 a wuraren Gauss, a buɗe yanayin watsuwar da polinom ɗin Legendre, abin ya koma aljebra, kiftawar ido ya gama kuma ba ya rawa kamar Monte Carlo. Yana cikin program ɗin libRadtran, kyauta ne, a Linux yake tafiya, ka ba shi τ da ω da g na AERONET ya ba ka kai tsaye da watsattse a kowane launi, har hasken kowace fuska in ka nema, don haka maganar jinginar pano ma ya biya. Monte Carlo ka ajiye shi sai ranar da kake da gajimare gutsi-gutsi ko gini yana yi maka inuwa.

Kafin nan ga abin da za ka yi yau da dare da kalkilatris, delta-Eddington na Joseph da Wiscombe da Weinman, 1976. Dabarar ita ce hasken da aka watsa gaba sak a ɗauka ba a taɓa shi ba. Kasonsa shi ne f = g² = 0.49, mu ɗauki ω = 0.95. Sabon τ = (1 - ωf)τ = 1.07, sabon ω = (1 - f)ω/(1 - ωf) = 0.91, sabon g = g/(1 + g) = 0.41. Ka ga hazonka na 2 ya koma 1.07, exp(-1.07/0.82) = 0.27, tun ba ka ƙara watsattsen ba ka tashi daga kashi 9 zuwa 27. In ka warware kogi biyun da waɗannan za ka tarar wajen kashi ɗaya bisa biyar ko sama kaɗan ya koma sama, kashi goma da 'yan kai ƙura ta sha, sauran ya haura 60 ya sauko. Bai yi nisa da na'urarka ba.

Gargaɗi biyu. Ƙwayar ƙura ba ƙwallo ba ce, lissafin Mie na 1908 na ƙwallo ne, ga jimillar haske ba ya cutarwa sosai amma kar ka dogara da shi ga hasken gefe. Na biyu a Disamba da Janairu ba ƙura ce kaɗai a sama ba, hayaƙin ƙunar daji daga kudu yana hawa bisa ƙurar, shi kuma yana shan haske fiye da ita, ω ya faɗi. An auna wannan sosai a 2006 lokacin AMMA, shirin binciken daminar Afirka ta Yamma, da Amurkawa suka kafa tasharsu ta auna haske da yanayi, ARM, ta tafi-da-gidanka a filin jirgin Yamai shekara guda, ga kuma wata tashar a ƙauyen Banizumbu. Ka nemi rubuce-rubucen wannan shekarar, kar ka riƙe ω ɗaya duk hunturu.

Ɗan_Karkada

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Baba Malam wlh ban taɓa gane antegral ɗin nan ba sai yau. Oga mai sola ka kama ni, sati biyu ba a wanke pano ba, amma na'urar ina goge ta.

Yaya 'Yar_Birni na rubuta program ɗin jiya har ƙarfe biyu na dare. Kai tsaye ya fito 0.087 cif. Na saka ω = 1 ƙasa baƙa, na sama da na ƙasa sun haɗu sun ba da 1. Na saka g kusan sifili ya yi daidai da wani tebur da na samu. Amma da na saka g = 0.7 da ω = 0.95 sai jimillar ƙasa ta haura kashi 80, alhali Injiniya ya ce 60 da wani abu, wanda ya koma sama kuma ɗan mitsitsi ne. Da can ina ƙasa sosai yanzu na wuce sama. libRadtran ina ta ƙoƙarin saukewa, rezo ya ƙi, na sayi forfe sau biyu.

'Yar_Birni

Ban ga kod ɗinka ba amma zan iya rantsuwa na san abin da ka yi, don ni ma na yi shi na kwana uku ina zargin ordinater. Bayan karo ka rubuta μ = cosθ ko? θ ɗin nan daga hanyar da foton yake kai ake auna shi, ba daga layin sama-ƙasa ba. Kai kuwa duk karo kana sake nuna masa ƙasa, ko wanda ya juya zai koma sama da ya sake karo sai ka ce masa sauka. Daidai shi ne

sabon μ = μ·cosθ + √(1 - μ²)·sinθ·cosφ

Abin haushin, gwajin ukun da ka yi ba wanda zai kama shi. Kai tsaye bai san karo ba, jimilla 1 za ta fito ko ina ka tura su tunda ba wanda ya ɓace, a g sifili kuma ko daga ina ka auna kusurwa ɗaya ne. Ga gwajin da ke tona shi, ka saka τ = 100, ω = 1, g = 0.7, ƙasa baƙa, foton dubu ashirin sun isa don zai ɗan jima. Wanda ya sauko ya kamata ya tsaya wajen kashi 5. In ka ga ya ƙi sauka, kusan duka suna ratsa hazo mai kauri ɗari, to shi ne.

Injiniya na ji maganarka kuma gaskiya ce, ya yi amfani da DISORT ga hunturun duka. Amma ka ga da ya fara da shi da bai taɓa sanin meye θ ba, ya je gaban juri da lambobin da bai san inda suka fito ba. Ya ajiye nasa a babi na biyu ya nuna sun yi daidai a rana ɗaya ko biyu.

Injiniya_Meteyo

Na yarda da wannan rabon. Ɗalibi in rezo ya ci gaba da ƙi ka min magana ta akwati, ina da shi a kile, in na shigo gari Asabar sai in bar maka wajen wani. Ka tanadi Linux tukuna, kar ka ɓata lokaci da Windows.

Ɗan_Karkada

Yaya kin gani kamar kina bayana, μ = cosθ na rubuta, layi na 31. Na gyara. τ = 100 ya ba ni kusan kashi 5, ya ɗauki minti kusan ashirin ina ta addu'a kar a ɗauke kuran. Na ranar hazon kuma ya sauko 60 da 'yan kai da baƙar ƙasa, da na saka yashi 0.3 ya matso kusa da 70, na'urata tana ɗan ƙasa da haka, ina zaton ko hayaƙin da Injiniya ya faɗa ne ko ω ɗin da na ɗauka ya yi yawa, gobe zan duba na ainihin ranar. Injiniya na turo maka saƙo. Oga mai sola nawa za ka ba ni hayar ƙaramin pano guda na wata biyu, in yi gwajin wanki da rashin wankin nan?

Mai_Sola_Sabon_Gari

Wace haya kuma, ka zo shago bayan la'asar akwai wasu biyu 'yan wat 50 iri ɗaya da wani ya canza, ka ɗauke su duka don in ba iri ɗaya ba ne gwajin banza ne. Ka zo da mai kabu-kabu da igiya. Kuma ka gaya wa yaran gidanku kar wanda ya ga ɗaya ya yi datti ya ce zai taimaka ya wanke.